Ta yaya manhajar lissafi ke sanin asusun da za ta jefa kuɗin kwastoma?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke riƙe da lissafin wani ɗakin taro da ake haya don biki da tarurruka a Kano. Da QuickBooks muke fitar da takardar biya da rasiti. Masu biki suna ba da kafin alƙalami tun saura watanni, kuma muna karɓar kuɗin jingina da muke mayarwa in ba a ɓata komai ba. Wasu tsaba suke kawowa, wasu POS, wasu taransifa. Damuwata ita ce wani asusu mai suna Undeposited Funds kullum ƙaruwa yake yi, ribar da rahoto ke nunawa kuma ta fi abin da muke gani a hannu nesa ba kusa ba, alhali asusun banki yana daidai da sitatimen. Oga har ya fara yi mini kallon tuhuma. Wai ta yaya manhajar take zaɓar asusun da kowane kuɗi zai shiga, kuma ina da ikon canzawa?"

Wa alaikumus salam Malama. In na fahimce ki, abu biyu kike nema. Kina son ki san ƙa'idar da manhaja ke bi wajen raba kuɗi zuwa asusu, sannan ki gano abin da ya kumbura miki wancan asusun tare da ribar. Na biyun ba zai fito ba sai an warware na farko, don haka ki yi haƙuri mu ɗauko shi daga tushe. Sana'ata ke nan, saita wa kamfanoni irin waɗannan manhajoji da gyara littattafan da suka rikice, kuma alamomin nan uku da kika lissafa, musamman yadda banki yake daidai amma riba ta yi yawa, sun fi kama da matsalar yadda ake shigar da bayani fiye da hannun ɓarawo. Ki fara kwantar da hankalinki da wannan.

Manhajar da kike gani hawa biyu ce. A sama akwai katin kowane kwastoma, da takardun biyan da aka fitar masa, wato takardun da ke nuna masa kuɗin da ake binsa, da abin da ya biya, da abin da ya rage. A ƙasa akwai babban littafin lissafi, wanda akantoci ke kira leja, inda ba a damu da sunan Alhaji wane ko Hajiya wance ba, asusu-asusu ne kawai: banki, tsabar kuɗi, bashin da ake bin kwastomomi, kuɗin shiga, haraji. Ke a sama kike aiki, kina cike fom. Duk sanda kika adana fom, manhajar tana rubuta aƙalla layi biyu a ƙasa, ɗaya debit, wato gefen da kuɗin ya shiga, ɗaya kiredit, wato gefen da ya fito, kuma tilas jimillar gefen biyu ta yi daidai. Rahoton ribar da oga ke dubawa daga ƙasan ake ɗauko shi.

A ce kin fitar da takardar biya ta hayar ɗaki kan naira 1,200,000. Manhaja za ta yi debit a asusun bashin kwastomomi, ta yi kiredit a asusun kuɗin haya. In kuna cikin masu karɓar VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun Fabrairun 2020, kasonsa zai wuce asusunsa daban, domin na hukumar haraji ne. To a nan aka rubuta kuɗin shiga, an gama da shi. Ranar da mutumin ya zo ya biya, debit zai tafi inda kuɗin ya sauka, kiredit kuma ya rage bashin da ke kansa. Biyan bai taɓa asusun kuɗin shiga ba ko kaɗan, kuma bai kamata ya taɓa ba. Ki riƙe wannan da kyau, domin rabin amsarki a cikinsa take.

Daga ina kowane gefe yake samo asusunsa

Manhaja ba ta tunani a kan kowane biya. Tana da jerin wurare da take leƙawa, kuma gefen debit da gefen kiredit ba wuri ɗaya suke ɗauko asusu ba.

Gefen kiredit na biyan kuɗi daga kwastoman yake fitowa. Bari mu leƙa wasu manhajojin lissafi irin QuickBooks. A Odoo, katin kowane kwastoma yana ɗauke da asusun bashin da za a riƙa rubuta masa. A Dynamics 365 Business Central ana sa kwastomomi rukuni-rukuni, kowane rukuni da asusunsa, abin da suke kira Customer Posting Group. SAP ma a katin kwastoma yake ajiye asusun, kuma ba ya barin kowa ya rubuta a cikinsa kai tsaye da hannu, tsarin da nake ganin ya kamata kowace manhaja ta kwaikwaya. QuickBooks ya fi su sauƙi: yawancin kamfanoni asusun bashi ɗaya suke da shi, kowa a ciki yake.

Gefen debit kuwa daga hanyar biya yake fitowa, wato tsaba ce ko POS ko taransifa ko ceki. A QuickBooks, fom ɗin karɓar biya yana da gurbi mai suna Deposit to, kuma abin da ke cikin gurbin shi ne asusun da kuɗin zai faɗa. A nau'insa na kwamfutar ofis akwai saitin da in aka kunna shi gurbin ma ba zai bayyana ba, komai sai ya wuce Undeposited Funds kai tsaye ba tare da an tambaye ki ba. Mutane da yawa suna shekaru suna aiki ba su san an kunna musu shi ba. A Odoo kowane banki da kowane akwatin tsaba yana da littafinsa, a cikinsa ake faɗa wa kowace hanyar biya asusun da za ta bi.

Kuɗin shiga kuma, a takardar biya, daga kayan ko hidimar da aka sayar ake samo asusunsa. Hayar ɗaki, kayan sauti, ado, kowanne an ɗaure shi da asusu tun ranar da aka ƙirƙire shi. Haraji yana bin lambar harajin da aka zaɓa.

Abin da ya haɗa manhajojin nan duka shi ne na musamman yana gaba da na gama-gari. Odoo, alal misali, yakan duba ko an sa wa kayan asusu. In babu ya duba rukunin kayan. In nan ma babu ya koma ga asusun littafin ciniki. Saboda haka duk sanda kika ga kuɗi a inda ba ki zata ba, ki nemi gurbin da aka bari fayau, ko gurbin da wanda ya fara saita manhajar ya cike da abin da ya fara gani. Kuma e, kina da ikon canza duk waɗannan, in dai an ba ki izinin mai gudanarwa.

Asusun zango

Yanzu mu zo ga wanda ke ci miki tuwo a ƙwarya. Undeposited Funds asusu ne na kuɗin da kuka karɓa amma bai riga ya bayyana a banki ba. Ni asusun zango nake ce masa, domin kamar zangon fatake yake: ana sauka a kwana, gari na wayewa a tashi, ba a tarewa. Manhajar Zoho Books tana da shi da wannan sunan na Undeposited Funds, Odoo kuma yana kiran nasa Outstanding Receipts.

Ga amfaninsa. Ranar Asabar mutum uku suka kawo tsaba, ɗaya naira 150,000, ɗaya 80,000, ɗaya 70,000. Kashiya ta ba kowa rasitinsa. Ranar Litinin aka ɗaure kuɗin wuri ɗaya, aka cike takardar tela ɗaya, yaro ya kai banki. A sitatimen layi ɗaya za ki gani, naira 300,000, ranar Litinin. Da kin tura biyan nan uku asusun banki kai tsaye, littafinki zai nuna layi uku ranar Asabar, banki yana nuna ɗaya ranar Litinin, kuma in wata ya ƙare da irin wannan guda hamsin sai kin yi ta haɗa lambobi da kalkuleta. Shi ya sa aka raba aikin mataki biyu. Matakin farko, karɓar biya: debit zango, kiredit bashin kwastoma. Mataki na biyu, fom ɗin zuba kuɗi a banki: ki buɗe shi, biyan nan uku za su fito a jere suna jira, ki yi musu alama, jimilla ta ba da 300,000, manhaja ta yi debit banki, kiredit zango. Zango ya koma sifili.

Abin da na fi zato yana faruwa a wurinku shi ne ana yin matakin farko daidai, na biyun kuma ana yinsa ta wata ƙofa. Ƙarshen wata an kawo sitatimen, an ga 300,000 ya shiga, sai a buɗe sabon layi a rubuta shi, kuma da manhaja ta nemi asusu sai a zaɓi kuɗin haya, tunda ai kuɗin haya ne. In kuna ɗora sitatimen cikin manhajar, daidai yake da a danna ƙara a maimakon a haɗa layin da biyan da ke jira. Ki duba abin da ya haifar. Banki ya samu 300,000 ɗinsa, ya yi daidai da sitatimen, babu wanda zai yi zargin komai. Kwastomomi ukun katinsu ya nuna sun biya. Amma zango yana nan da 300,000 da ba za ta taɓa fita ba, kuɗin haya kuma an rubuta shi sau biyu, a takardar biya da kuma a layin bankin. Duk abin da zango ya ƙaru da shi ta wannan hanya, daidai shi riba ta ƙaru da shi na ƙarya. Ga gwaji mai sauƙi: ki fitar da bayanin asusun kuɗin haya na wata guda, ki duba irin takardun da suka shiga cikinsa. In kin ga layukan zuba kuɗi a banki sun cakuɗa da takardun biya, kin kama shi.

Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin na ga inda kamfani ya lissafa haraji a kan wannan ribar da babu ita, kuma na ga inda aka ɓata wa ma'aikaci suna a kanta.

Akwai hanya ta biyu da zango ke kumbura, wadda ta fi yawa a wuraren da ake aiki da janareta. An tara 300,000, kafin Litinin manaja ya zari 60,000 ya sayo dizal saboda akwai biki da dare, 240,000 kawai ya isa banki. Mai shigar da bayani ya ga lambobi ba su haɗu ba, sai ya bar biyan a zango ya rubuta 240,000 daban. Gyaran shi ne a cikin fom ɗin zuba kuɗin a yi wa biyan uku alama, sannan a nuna 60,000 da aka cire, a tura shi asusun man janareta ko akwatin ƙananan kashe-kashe, da rasitin gidan mai a maƙale. In kuwa al'adarku ce kashewa daga abin da aka karɓa, shawarata ku buɗe asusun tsaba na akwatin kashiya, tsaba ta riƙa shiga can, a riƙa ƙirga ta kullum da yamma ana gwadawa da abin da manhaja ta ce.

POS da taransifa kowanne da halinsa. Kuɗin POS sau da yawa yana sauka bayan an cire caji, wani kamfanin kuma yakan haɗa cinikin yini ya turo a dunƙule. Mai biki ya goga katinsa kan naira 200,000, a ce 199,000 ya iso. Shi 200,000 ya biya, kuma 200,000 za a rage masa. Naira 1,000 ɗin asarar kamfani ce, asusun cajin banki za ta tafi a lokacin da ake kwashe kuɗin daga zango. In aka rubuta masa 199,000 kawai, katinsa zai ci gaba da nuna ana binsa 1,000, wata rana a kira bawan Allah a tambaye shi bashin da bai ci ba. Nakan buɗe wa kowace na'urar POS zangonta daban. In aka zuba na tsaba da na POS biyu a asusu ɗaya, ranar da ya ƙi komawa sifili ba za ki san ta ina za ki fara nema ba.

Taransifa ita ce kaɗai nake bari ta tafi banki kai tsaye, tunda kowace tana fitowa ita kaɗai a sitatimen. Sharaɗi ɗaya ne: kada a rubuta sai an gan ta a asusun kamfani da ido, hoton alat a wayar kwastoma bai isa ba. Matsalarta ta daban ce, kuma ku masu ɗakin biki kun fi kowa saninta. Sunan uwar amarya ke kan takarda, amma kawunta ne ya turo kuɗin daga Abuja, bai rubuta komai a bayani ba. Irin wannan ana ajiye shi a asusun kuɗin da ba a gano mai shi ba, a riƙa bibiya duk mako har a gano. Kada a tura shi kuɗin shiga don kawai a rufe wata. Sai kuma wadda ba a son faɗa: abokin oga ya tura kuɗin haya asusun oga na kansa. Kuɗin kamfani ne, kwastoma ya biya, amma bai shiga bankin kamfani ba. Ki buɗe asusu da sunan hulɗar mai kamfani, ki mai da shi hanyar biya, debit ya tafi can. In ba haka ba zai kwana a zango har abada, kuma ke za a tambaya.

Kafin alƙalami da jingina

Wannan ne ɓangare na biyu na ribar da ta yi miki yawa, kuma babu ruwansa da zango. Mutum ya zo a watan Satumba ya kama ranar biki a Disamba, ya ba da naira 500,000 cikin 1,200,000. Kuɗi ya shigo, amma ba ku yi masa komai ba tukuna. In gobe aka ce rufin ɗakin ya samu matsala, kuɗinsa za ku mayar. Saboda haka a lissafi nauyi ne a kanku, bashi ne ake binku, har ranar da aka yi bikin. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IFRS 15, wadda ta fara aiki a Janairun 2018, a kan haka ta tsaya: ana rubuta kuɗin shiga lokacin da aka sauke hidimar, abin da aka karɓa kafin nan kuma yana zama a ɓangaren nauyi.

Manhaja ba za ta san wannan da kanta ba. In kashiya ta fitar da rasitin ciniki ta zaɓi hayar ɗaki, 500,000 ya zama ribar Satumba. In kuma a Disamba aka fitar da cikakkiyar takarda ta 1,200,000 ba a cire na farko ba, an sake ninkawa.

Hanyoyi uku ake bi. Mafi sauƙi ita ce a karɓi biyan ba tare da takarda ba, ya zauna a katin kwastoma a matsayin rarar da yake bi, ranar da aka fitar da takarda a haɗa su. Ba ta ƙara riba, wannan ya yi kyau, amma tana ɓoye gaskiyar bashi: in kuna bin mutane bashin naira miliyan huɗu, kuna riƙe da kafin alƙalami na miliyan uku, leja za ta nuna miliyan ɗaya kawai. Ga shagon da ke karɓar irin wannan jefi-jefi ba laifi. Ga ɗakin biki, da kusan kowane ciniki da shi yake farawa, ban yarda da ita ba.

Hanya ta biyu ita nake ba ki shawara a QuickBooks. Ki buɗe asusu a rukunin nauyin da za a sauke nan kusa, ki sa masa suna kafin alƙalamin kwastomomi. Ki ƙirƙiri wata hidima mai wannan sunan, a gurbin asusunta ki zaɓi wannan sabon asusun a maimakon na kuɗin shiga. A Satumba kashiya ta fitar da rasiti da wannan hidimar: debit banki 500,000, kiredit kafin alƙalami 500,000, riba ba ta motsa ba. A Disamba takardar biya za ta ɗauki layi biyu, hayar ɗaki 1,200,000, sai kafin alƙalami da alamar ragi 500,000. Kuɗin haya ya samu cikakken 1,200,000 a watan da aka yi bikin, nauyin ya sauka, abin da ake bin mai biki ya tsaya 700,000. In an fasa bikin kuma yarjejeniyarku ta ce za ku riƙe wani kaso, abin da aka mayar ya fita daga asusun nauyin zuwa banki, abin da aka riƙe kuma a ranar ne ya zama kuɗin shiga.

Hanya ta uku ta manhajojin da suka zo da tsarin a gine ce. Zoho Books yana da takarda ta musamman da ke kai kuɗin asusun Unearned Revenue, Business Central yana da gurbin asusun biyan gaba a teburin saitinsa, SAP yana da alama ta musamman da ke karkatar da shi daga asusun bashi na yau da kullum. Ko a waɗannan sai an duba gurbin, domin wasu in ba a cike ba kuɗin shiga suke kai shi.

Jingina kuwa asusunta daban, kada ki haɗa ta da kafin alƙalami. Shi kafin alƙalami ƙarshensa ya zama naku, ita jingina amana ce, ƙarshenta ta koma hannun mai ita. An karɓi naira 100,000, an gama biki an tarar an karya kujeru da kuɗinsu ya kai 30,000. Ki fitar da takardar biya ta ɓarnar, ki biya ta daga jinginar, ki mayar da 70,000. Kuma kowane layi a asusun ya ɗauki sunan mai shi, ta yadda kowace rana za ki iya fitar da jerin waɗanda kuke riƙe wa kuɗi, jimillarsa ta yi daidai da leja. In oga zai ji shawara, kuɗin jingina ya zauna a wani asusun banki da ba a sayen dizal da shi.

Tunda kuna karɓar tarurruka, ga wani ƙaramin abu. Ma'aikatu da manyan ƙungiyoyi sukan cire harajin riƙewa kafin su biya. A ce takarda ta 1,000,000, suka turo 950,000. Ragowar 50,000 ba rangwame ba ce, kuma ba bashin da ya mutu ba ne. Ki rage ta daga katinsu zuwa asusun harajin da aka riƙe muku, ki bi su su ba ku shaidar sun kai wa hukuma, domin da ita za a rage muku haraji.

Yadda za ki gyara

Ki fara da ajiye kwafin bayananku, sannan ki gyara gaba kafin baya. Ki ƙirƙiri kwastoman gwaji, ki yi masa ciniki ɗaya na kowane iri, tsaba, POS, taransifa, kafin alƙalami, jingina da mayar da ita, bayan kowanne ki buɗe rahoton da ke nuna debit da kiredit ɗin da takardar ta haifar. A QuickBooks sunansa Transaction Journal. Abin da kika gani a nan shi ne saitinku na gaskiya, ko da me aka faɗa miki. Ki gyara gurabun, ki sake gwadawa, ki goge gwajin.

Ki sani canza saiti ba ya taɓa abin da ya wuce a yawancin manhajoji. QuickBooks, in kin canza asusun wata hidima, yana ba da zaɓin a canza har tsofaffin takardu. Kada ki amsa masa sai kin tabbata, domin zai iya sauya rahoton shekarar da odita ya riga ya sa wa hannu. Haka kuma ki guji share zango da layin gyara guda ɗaya na hannu. Lambar za ta koma sifili a leja, amma biyan za su ci gaba da fitowa a fom ɗin zuba kuɗi suna jira, kuma ba ki san me kika binne ba.

A watannin da ba a rufe ba, aikin na haƙuri ne. Ki ɗauki kowane layin banki da aka tura kuɗin haya, ki nemo biyan da suka haɗu suka ba da shi a zango, ki sake gina shi daga su da rana ɗaya da adadi ɗaya, ki cire na bogin, ki tabbata daidaiton banki na watan bai goce ba. Ki yi wata ɗaya ki duba kafin ki shiga na gaba. Shekarun da aka rufe kuwa ba naki ba ne ke kaɗai. Gyaransu yana taɓa ribar da aka tara da harajin da aka bayyana, don haka da odita za ku zauna. Shi ne kuma zai faɗa muku lokacin da VAT ke hawa kan kafin alƙalami a irin cinikinku, domin lokacin haraji ba lallai ya zo ɗaya da lokacin rubuta kuɗin shiga ba. Ni daga bayaninki nake magana, littafin yana gabanki, kuma sunayen gurabu suna ɗan bambanta tsakanin QuickBooks na intanet da na kwamfutar ofis, don haka ki bi abin da gwajin ya nuna miki.

Bayan kin gama haɗawa, mai yiwuwa wasu biyan su rage a zango ba su da abokin haɗi a banki. Waɗannan su ne kuɗin da aka ba da rasitinsu amma ba su isa asusun kamfani ba, kuma su kaɗai ne suka cancanci bincike. Ki jera su da rana da lambar rasiti da sunan wanda ya karɓa. Kafin a kira kashiya, a gwada jerin da rasitan dizal da sauran abin da aka saya da tsaba a ranakun, sannan ki roƙi oga cikin ladabi ya duba sitatimen ɗin asusunsa na kansa a waɗannan ranakun. Abin da ya rage bayan wannan shi za ki kai masa a rubuce, tare da rahoton riba na kafin gyara da na bayan gyara.